Uwargida, Kin Duba Akwatin Fis ɗin Gidanki?

Yau zancenmu kan ƙaramin akwatin nan ne da ke kusa da mita, wanda ba ma waiwayarsa sai wuta ta ɗauke.

Tun 1968 aka kammala madatsar Kainji, kuma tsofaffin gidajenmu na Yauri an ja musu wuta ne zamanin NEPA, lokacin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwan fitila, fanka da rediyo ba. Yau kuwa mun jibga wa wayar nan firizar kifi da ƙanƙara, ga hita, ga dutsen guga.

Aikin fis shi ne ya tsinke idan lodi ya yi yawa, kafin waya ta ɗauki zafi. In aka musanya shi da waya mai kauri ko ƙusa, to an kori mai gadi ke nan. Wayar cikin silin ce za ta ƙone, wataƙila cikin dare yara na barci.

Idan kin ji warin roba, ko soket ya yi baƙi, ko firiza na jan mutum, kada ki yi shiru. Ki shawarci maigida cikin ladabi ya kira ƙwararren mai aikin wuta, ya sa sabon akwati mai bireka, har da irin wadda ke yanke wuta da zarar ta ja mutum, ya kuma duba wayar ƙasa. Mita kuwa hurumin Kaduna Electric ne.

Rayukan 'ya'yanmu amana ne, kuma tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Allah Ya tsare mu da gobara, amin.