Hoto ɗaya ba ya ɗaukar gona

A kwanakin baya wani ɗan'uwana ma'aikaci ya dawo daga Sassumbrum, cikin gundumar Magarya, ransa a ɓace. An aike shi ya dubo wani burtali da ake ƙorafin cewa gonaki sun cinye shi, ya ɗauko hotuna goma sha biyu da wayarsa, amma da ya baje su gaban shugabansa, babu wanda ya gane ina gona ta ƙare, ina burtali ya soma. Kowane hoto gaskiya ne, sai dai gaskiyar ta zo guntu-guntu. Wannan ne ya sa na ga ya dace a wannan mako mu yi magana kan yadda ake ɗinke hotuna su zama guda mai faɗi.

Aikin ya yi kama da na tela. Mai ɗauka yana tsayawa wuri guda, ya ɗauki hoto, ya ɗan juya, ya ɗauki na biyu, amma ya bar kamar kashi ɗaya cikin uku na hoton farko ya sake fitowa a cikin na biyun. Wannan wurin da suka hau juna shi ne bakin ɗinki. Manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta tana binciko alamomin da suka bayyana a duka biyun, misali reshen gawo, kusurwar rumbu ko bakin rijiya, ta daidaita su, sannan ta gyara haske don kada tabon ɗinkin ya fito. Wani masani mai suna David Lowe, na jami'ar British Columbia a Kanada, ya bayyana hanyar gane irin waɗannan alamomi a 1999, daga baya shi da ɗalibinsa Matthew Brown suka fitar da manhajar AutoStitch. Akwai kuma Hugin, wadda kyauta ce. Yawancin wayoyin zamani ma suna ɗauke da wannan dabara a ɓangaren hoto, da sunan panorama.

Kada a ɗauka wasan yara ne. Masu zana taswira sun daɗe suna jera hotunan da jirgin sama ya ɗauka, kowane yana rufe kusan kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Irin waɗannan hotuna ne suka fito da manomanmu kunya. Da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan 1975 da na shekarun 2000, sai suka tarar itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonakin Magarya, Matamai da Mirya, musamman gawo, saboda manoma sun riƙa barin tsiro suna sassabe shi. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Mai tsaye cikin gonarsa ba zai ga wannan ba, sai an haɗa hotuna.

Ga mai son gwadawa, ga shawara. A juya wayar a kan kanta, kada a miƙa hannu ana zagayawa da jiki, domin in ta gusa daga wurinta, abin da ke kusa da abin da ke nesa ba za su haɗu daidai ba. A ɗauka da hantsi ko da la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. A tabbata akwai itace ko gini a kowane bakin ɗinki, gama rairayi tsantsa da sararin sama ba su ba manhaja abin kamawa. Ɗan kasuwa da ke son nuna wa abokin cinikinsa na Kano ko Daura yawan buhunan wake da riɗi da ke ma'ajiyarsa, wannan hanya za ta isar masa.

Amma akwai gargaɗi. Hoton da aka ɗinke yana lanƙwasa abin da yake miƙaƙƙe, kuma saniyar da ke tafiya tana iya fitowa sau biyu, ko ta fito ba kai. Saboda haka ba ya zama ma'auni. Dokar karkara ta 1993 ta ɗora wa hukumomin kula da filaye, waɗanda aka sani da Kofo, nauyin tantance gonaki da burtali, tare da sarakunan gargajiya da shaidu. Hoto taimako ne gare su kawai. Wanda ya ɗinke, ya ajiye hotunan asali, ya rubuta rana da wurin da ya tsaya, domin ranar da gardama ta taso, su za a nema.

Ɗan'uwan nawa ya koma Sassumbrum, ya tsaya kan tudu, ya sake ɗauka bisa wannan ƙa'ida. A wannan karo shugabansa ya ga burtalin tun daga farkonsa har inda ya tsuke, aka kuma sa ranar zama da mai gari da makiyaya kafin damina ta sauka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.