Abin da ke makantar da na'urar gano satar gida a filin ƙwallo

A ranar 1 ga Maris, 2025, magoya bayan Bournemouth da Wolves sun shafe kusan minti takwas suna jiran hukunci kan ƙwallo ɗaya a gasar kofin FA. A wannan zagayen ne Ingila ta fara gwada na'urar da ke gano satar gida da kanta, wadda aka ce za ta rage ɓata lokaci. Amma 'yan wasa sun cunkushe a bakin raga, na'urar ta kasa tantance su, dole masu kula da VAR suka koma jan layi da hannu kafin a soke ƙwallon Bournemouth.

Matsalar ta samo asali ne daga yadda kwamfuta ke bin mutane a bidiyo. A kowane hoto tana gano 'yan wasa, ta ba kowa lamba, sannan ta haɗa shi da hoton da ke biye. Idan wani ya shiga gaban wani, sai ta yi hasashen inda wanda ya ɓace zai ɓullo, bisa saurinsa da inda ya dosa. Hasashen na aiki idan mutum na gudu a miƙe. A lokacin bugun kusurwa kuwa, ana turereniya, ana tsalle, ana juyawa, ga kuma rigunan 'yan ƙungiya ɗaya iri ɗaya. Nan ne take iya musanya lambar mutum biyu, ko ta ɗora ƙafar wani a jikin wani. Alhali hukuncin satar gida kan rataya ne a kan tsinin takalmi ko kafaɗa.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne yawan kyamarori, don abin da ya ɓoye wa ɗaya wata ta hango shi. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, Fifa ta kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili, suna bin gaɓoɓi 29 na jikin ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa guda. An kuma saka wata ƙaramar na'ura a cikin ƙwallon, mai aika saƙo sau 500 a daƙiƙa, wadda ba ruwanta da wanda ya tare mata gaba. Gasar Firimiya, da ta fara amfani da tsarin a Afrilun 2025, ta ƙara yawan kyamarorin zuwa kusan 30.

Sai dai yawa ba ya ba da tabbaci. A ranar 17 ga Yuni, 2020, mai tsaron ragar Aston Villa, Orjan Nyland, ya faɗa cikin raga riƙe da ƙwallon da Oliver Norwood na Sheffield United ya buga. Masu kallo a gida sun gani, amma agogon alƙalin wasa bai motsa ba. Kamfanin Hawk-Eye ya nemi afuwa, ya ce mai tsaron ragar da ɗan baya da turke sun tare wa kyamarorinsa bakwai gani, abin da bai taɓa faruwa ba a wasanni sama da 9,000.

Abin lura shi ne, hukuncin da ya fi jawo rigima a cikin cunkoso ake yin sa, daidai wurin da na'urar ta fi rauni. Shi ya sa bai kamata alƙalai su saki jiki da ita ba. A wasan na Villa, masu VAR na da hoton a gabansu, amma ba su sa baki ba, ganin na'urar layin raga ta yi shiru.

An tashi wasan babu ci. A ƙarshen kakar, Villa ta tsira da tazarar maki ɗaya, Bournemouth kuma ta faɗa gasar Championship.