Ɗalibanmu da Zaɓen Shugaban Ƙasa: Baki Ya Yi Nasa, Saura Hannu

Duk lokacin da 'ya'yanmu na jami'o'i da kwalejoji suka dawo hutu, ba sai an gaya wa mutum ba. Da an tashi daga sujadar Lahadi za a gan su sun yi da'ira a gindin bishiya cikin harabar majami'a, murya ta hau, kowa da wayarsa a hannu yana nuna wa ɗan'uwansa abin da wani ya rubuta. Zancen kuwa ɗaya ne, watau siyasa, har sun fara rabon jihohi ga masu neman shugabancin ƙasa a zaɓen 2027. Mu dai ba mu ga laifin wannan ba, gama ƙasar da matasanta ba su damu da wanda zai mulke su ba ta shiga uku. Amma da yake an ce waiwaye adon tafiya, ya kamata mu zauna tare da su mu duba abin da ya faru a zaɓen 2023. A wancan zaɓe ne muryar ɗalibai ta tashi ƙwarai, a cikinsa ne kuma aka ga iyakar inda murya kaɗai take iya kai mutum.

Abin da ya tunzura su

Kafin mu zargi ɗalibai da yawan surutu, sai mu tuna da halin da suka shiga. A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na wata tara. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, sai ta sake shiga wani ran 14 ga Fabrairu 2022, ba a janye shi ba sai ran 14 ga Oktoba, bayan da kotu ta sa baki. Wata takwas cur yara suna zaune a gida. Tushen rigimar kuwa yarjejeniya ce da Gwamnatin Tarayya ta yi da malaman tun 2009 a kan albashi da gyaran jami'o'i. Wanda ya shiga karatun shekara huɗu ya wayi gari yana neman shida. Kuɗin hayar ɗaki da iyaye suka biya ya ƙone a banza. Waɗansu 'yan mata aka aurar da su, waɗansu samari suka kama acaba, ba su koma aji ba har yau.

A daidai wannan lokaci ne jam'iyyu suke sayar da takardun neman takara. Jam'iyyar APC ta sa wa takardar neman shugabancin ƙasa Naira miliyan 100, PDP kuma Naira miliyan 40, manya suna rububin saye. Ɗalibin da aka gaya masa babu kuɗin da za a sallami malaminsa yana kallon wannan duka a wayarsa. To, ina mamaki don ya yi fushi? A watan Satumba 2022 har sai da ɗalibai suka tare hanyar Legas zuwa Ibadan da hanyar filin jirgin saman Legas.

Fushin nan ya haifi abu mai kyau. Hukumar Zaɓe ta INEC ta ce cikin sababbin masu rajista fiye da miliyan 9 da rabi da ta samu kafin rufe rajista a ƙarshen Yuli 2022, kashi 76 cikin 100 matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma ɗalibai ne. Mun gan su da idonmu suna bin layi cikin rana da ruwan sama domin karɓar kati.

Abin da lissafi ya nuna

Da aka zo zaɓe, rajistar ƙasa duka tana da mutum miliyan 93 da 'yan kai. Waɗanda aka rubuta sana'arsu "ɗalibi" sun kai miliyan 26, sun fi manoma, sun fi 'yan kasuwa. Gaskiya ne ba dukansu ne suke makaranta a lokacin ba, domin rajistar ta faro tun 2011, da yawa sun gama karatu tuntuni. Duk da haka adadin ya isa a tsaya a yi tunani. Ran 25 ga Fabrairu 2023, dukan waɗanda suka jefa ƙuri'a a Nijeriya, tsoho da yaro, malami da jahili, ba su cika miliyan 25 ba. Watau kashi 27 cikin 100 ma ba a kai ba, mafi ƙanƙanta tun komowar mulkin farar hula a 1999. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar ya sami miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.10, Rabi'u Kwankwaso kuma miliyan 1.49. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na uku ba ta kai miliyan 3 ba. Kowa ya yi wannan lissafi zai ga cewa waɗanda suka zauna a gida su ne suka yanke hukunci.

Ba mu ce laifin ɗalibai ne kaɗai ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ba da umarni a rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris domin zaɓe. Wannan ya taimaki wanda ya yi rajista a gida lokacin yajin aiki, amma ya raba wanda ya yi rajista a makaranta da rumfarsa. Ga kuma wahalar canjin kuɗi da ta sa takardar Naira ta ɓace, ga ƙarancin mai. Ɗalibin da yake Zariya alhali katinsa na Zonkwa ne ko Mubi, sai ya sami kuɗin mota tukuna. A waɗansu wurare ma'aikatan zaɓe sun makara, a waɗansu 'yan daba sun kori jama'a. Sa'an nan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau intanet daga rumfuna a kan lokaci ba kamar yadda INEC ta yi alkawari, abin da ya sa da yawa suka yanke ƙauna tun kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen ran 26 ga Oktoba 2023.

Ba mu kuma ce ƙoƙarin matasa ya tafi a banza ba. Jam'iyyar Leba, wadda ba ta da gwamna ko ɗaya a lokacin, ta ci jihohi 11 da Abuja, har da Legas, Filato da Nasarawa. A Kano jam'iyyar NNPP ta yi rinjaye. Inda matasa suka fito suka tsare ƙuri'arsu, an ga bambanci. Abin da muke cewa shi ne, yawan da aka gani a Facebook da WhatsApp bai bayyana a rumfa ba. Mutum ɗaya yana iya rubutu sau ɗari a yini, amma ƙuri'arsa ɗaya ce tak.

Inda zancen ya karkace

Akwai wani abin da ya fi wannan damunmu. Abin da ya tayar da ɗalibai tun farko shi ne makaranta: yajin aiki, ɗakunan kwana da mutum goma suke cunkushe a wurin mutum huɗu, ɗakin gwaji babu kayan aiki, famfo babu ruwa. Waɗannan ba su san Kirista ba, ba su san Musulmi ba. Amma da zaɓe ya matso, sai zancen ilimi ya koma baya, zancen addini da ƙabila ya cika bakin kowa. Ɗalibai kaɗan ne suka iya gaya mana abin da ɗan takararsu ya ce zai yi da jami'o'i.

A nan dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Sa'ad da APC ta tsayar da Musulmi biyu, Tinubu da Kashim Shettima, ƙungiyar CAN ta nuna rashin yarda, mu ma mun ji zafin abin, gama a ƙasar da aka sha zubar da jini da sunan addini, neman a yi daidaito ba son zuciya ba ne. Amma a majami'u da yawa mun tsaya a nan ba mu wuce ba. Mun koya wa 'ya'yanmu su tambayi inda ɗan takara yake sujada, ba mu koya musu su tambaye shi abin da ya yi da kuɗin jama'a sa'ad da yake gwamna ba. A wancan ɓangare ma haka aka yi. Sakamakon shi ne yara biyu da suke kwana ɗaki ɗaya, suna cin garin kwaki a kwano ɗaya, suka koma zagin juna a waya. Mu da muke Arewa mun san inda irin wannan take kaiwa. Rikicin watan Maris 1987 a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ya fara, kafin ya bazu zuwa Kaduna, Zariya da Funtuwa. Wutar da aka kunna a makaranta ba ta tsayawa a bakin ƙofar makaranta.

Bayan zaɓe kuwa, wahala ba ta tambayi wanda kowa ya zaɓa ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A cikin shekarar nan jami'o'in tarayya da dama, irin su Legas, Jos, Maiduguri da Bayero, suka ƙara kuɗin rajista ƙwarai. An kafa asusun ba ɗalibai bashin karatu marar ruwa, watau NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a watan Mayu 2024, ya kuwa taimaki da yawa. Amma bashi sunansa bashi, za a biya bayan an gama bautar ƙasa. A watan Oktoba 2025 ma sai da malaman jami'a suka sake yin yajin gargaɗi. Ga abubuwan da suka cancanci muhawarar ɗalibai, su ne kuma ya kamata a auna kowane ɗan takara da su.

Magabatansu a wannan hanya

Ɗaliban Nijeriya suna da tarihin da za su yi koyi da shi. Su ne suka tsaya a kan yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila bayan samun 'yanci, har aka soke ta a 1962. A watan Afrilu 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini ya sa ɗaliban ƙasa duka suka tashi suna neman a cire kwamishinan ilimi, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. A watan Mayu 1986 an sake harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1989 suka tashi a kan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida. Ba muna kiran kowa ya fita titi ya mutu ba, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne, waɗancan ba su da wayar hannu, amma suna da ƙungiya guda da buƙata guda, ɗan Zariya da ɗan Ibadan da ɗan Nsukka suna magana da murya ɗaya.

Yau fa? Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta sha rabuwa gida-gida, kowane ɓangare da ubangidansa cikin 'yan siyasa. A zaɓen shugabannin ɗalibai na makarantu ana raba kuɗi da katin waya, ana haɗa kai bisa ga jiha da addini, wani lokaci har da barazanar 'yan ƙungiyar asiri. Wanda ya karɓi kuɗi a zaɓen ɗakin kwana, da wane baki zai zagi tsohuwar da ta karɓi taliya a ƙauye? Wanda yake satar amsa a jarrabawa, yaya zai yi kukan satar ƙuri'a? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugabannin da muke kuka da su yau, da yawansu a makaranta suka koyi sana'ar.

Abin da muke roƙo

Ga 'ya'yanmu ɗalibai, muna cewa ku ci gaba da magana, amma ku haɗa ta da aiki. Kowa ya san inda rumfarsa take, in tana nesa ya nemi a mayar masa da ita inda zai kasance ranar zaɓe, tun da sauran lokaci. Ku karanta abin da 'yan takara suka yi alkawari a kan ilimi, ku ajiye, ku tambaye su daga baya. Kada ku tura labarin da ba ku tabbatar ba, gama shaidar zur zunubi ce ko da a waya aka yi ta. Ku sani kuma shugaban ƙasa ba shi ne kaɗai gwamnati ba. Jami'ar jiharku da kuɗin tallafin karatunku suna hannun gwamna da majalisar jiha. Tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, ƙofa ce da aka buɗe muku. Ku 'yan zumuntar ɗalibai masu bi, ku nemi 'yan'uwanku Musulmi ku zauna a kan zancen ruwa, wuta da kuɗin makaranta. Wanda kuka yi kukan famfo tare da shi, da wuya wani ya zuga shi ya ɗauki makami a kanku.

Ga iyaye da dattawan ikilisiya, kada mu raina zancen yaran nan, kada kuma mu mai da su 'yan aiken wata jam'iyya. Bagade ba dandalin yaƙin neman zaɓe ba ne. Aikinmu shi ne mu koya musu gaskiya da tsoron Allah, mu taimaki wanda ba shi da kuɗin mota ya je ya yi zaɓe, sa'an nan mu bar shi da lamirinsa.

A 2023 baki ya yi nasa, har duniya ta ji. Abin da ya rage shi ne a ga ɗalibanmu a layi ranar zaɓe da yawan da ake ganinsu a waya, a kuma ga halin da suke nema daga shugabanni a cikin zamansu na makaranta. Ubangiji ya ba 'ya'yanmu hikima, ya ba ƙasarmu salama. Amin.