Zaga duniya: Amritsar, birnin da tukunyarsa ba ta sauka daga murhu

Galibin baƙin da ke sauka Amritsar, can arewa maso yammacin ƙasar Indiya, zinariya ce ke kawo su. Sun ga hotonta bisa kalanda ko cikin sinimar Indiya: wani ɗakin ibada ne tsaye tsakiyar tafki, yana walƙiya sama, inuwarsa na walƙiya cikin ruwa. Amma in suka koma gida aka tambaye su labari, sau da yawa da wata tasar ƙarfe suke farawa, wadda wani da ba su sani ba ya miƙa musu, suka zauna ƙasa cikin sahu, suka ci suka ƙoshi, ba wanda ya tambaye su suna, ko addini, ko kuɗi.

Amritsar na cikin jihar Panjab, kilomita kamar 450 daga Delhi, tafiyar awa shida ke nan ga jirgin ƙasa mai sauri. Shi ne birni mafi daraja ga mabiya addinin Sik, mutanen nan masu naɗi da gemu waɗanda ba su aske gashinsu. Wanda ya kafa addinin, Guru Nanak, an haife shi a 1469. Kalmar « guru » na nufin jagora ko malami. Ya yi kira ga bautar Ubangiji guda, da neman halaliya ta hanyar aiki, da raba abin da aka samu da jama'a. Jagorori goma ne suka gaji juna. Na huɗunsu, Guru Ram Das, shi ya kafa garin wajen 1577, ya fara gina tafkin da garin ya ci sunansa, sabili da ma'anar Amritsar ita ce tafkin ruwan rai.

Shiga ɗakin zinariya

Masu wurin Harmandir Sahib suke kiransa, ko Darbar Sahib. Kowa na iya shiga, dare da rana, ba biyan ko dala, amma da sharaɗi. Namiji da mace sai sun rufe kai. Wanda ba shi da abin rufewa, akwai ƙyallaye a bakin ƙofa da ake ara. Takalmi a kan miƙa ma masu tsaron takalma, su ba mutum ƴar lamba. Sannan ya bi ta cikin wani ɗan kwarmin ruwa ya wanke ƙafa. Taba, da giya, da duk abin maye, haramun ne shiga da su.

Abu biyu ne mai lura zai fara gani. Na farko, sauka ake yi bisa matakala kamin a isa wurin, alhali a sauran wurare manyan ɗakunan ibada hawa ake musu. Guru Arjan, jagora na biyar, da gangan ya gina shi ƙasa da doron gari, don mai zuwa ya zo da ƙanƙan da kai. Na biyu, ƙofa huɗu gare shi, gabas da yamma, kudu da arewa, alamar cewa ba a rufe ma kowa hanya ba. Labarin da Sikawa suka gada ya ce wani shehin sufaye na birnin Lahor, Miyan Mir, shi aka gayyato ya aza tubalin farko. A 1604 aka shigar da littafinsu mai tsarki ciki. Littafin nan, Guru Granth Sahib, shafi 1430 ne, kuma cikinsa har da baitocin wani sufi musulmi, Shehu Farid. Tun 1708, da jagora na goma ya rasu, littafin ne ke matsayin guru. Ita kuwa zinariyar daga baya ta zo: sarkin Panjab, Ranjit Singh, shi ya sa aka lulluɓe saman ginin da ita wajen 1830.

Mai ziyara zai zaga tafkin bisa farin dutse mai santsi, hannunsa na dama wajen ruwa, yana ganin masu wanka a gefe, da manyan kifaye masu launi, da dogarai masu shuɗin tufafi riƙe da masu. Wata gada ce ke kai mutum cikin ɗakin, kuma ranar da jama'a ta yi yawa sai a yi awa guda ko fi cikin layi. Ciki, mawaƙa na rera baitocin littafin da ƴan ganguna da molon iska, tun kamin asuba har dare. Da dare a kan ɗauki littafin cikin wani ɗan gado na zinariya da aka ƙawata da furanni, a kai shi makwancinsa a ginin da ke fuskantar gadar, Akal Takht, sannan a maido shi kamin gari ya waye. Waɗannan lokatai biyu su ne suka fi dacewa da baƙo, don rana ba ta ƙona masa tafin ƙafa. Wajen fita za a zuba masa wani ɗan curi mai ɗumi a hannu, na garin alkama da man shanu da sukari, karah parshad. Da hannu biyu ake karɓarsa.

Sahun cin abinci

Gefen tafkin akwai babban gini mai hawa, nan ne langar, wato gidan ciyarwa. Tun daga nesa ake jin ƙarar tasoshi kamar ana ƙira. A bakin ƙofa wani ya miƙo tasa mai gida-gida, wani kwano, wani cokali. A shiga zaure, a zauna bisa dogayen shimfiɗu, sahu bayan sahu, dubban mutane a zama guda. Masu rabo na bi da bokiti: wannan miyar wake ce da ake kira dal, wannan ta ganye da dankali, wannan shinkafa da madara mai zaƙi. Gurasar alkama, roti, sai mutum ya buɗe tafin hannu biyu ake sakar masa ita. Wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa. Cikin ƴan mintoci an tashi, an share, an goge, wani ayari ya shigo. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne mutum dubu 50 zuwa dubu 100 ke ci kowace rana, ranakun salla kuwa abin ya fi haka. Ba a rufewa, ko da ƙarfe uku na dare ne.

Ba nama cikin abincin, ba ƙwai. Dalili shi ne kada wani ya tsaya bakin ƙofa yana tunanin ko addininsa ya yarda ya ci. Kuɗin kuwa daga sadakar jama'a suke fitowa, don an hori kowane Basike ya fid da kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu. Manoman Panjab na kawo buhunan alkama da madara da kansu. Akwai ma'aikata masu albashi da injin yin gurasa, amma mafi yawan hannuwan da ke aiki na ƴan sa kai ne. Nan za a ga attajiri na ɓare tafarnuwa kusa da ɗan lakwal, tsohuwa na murza ƙullu, likita na wanke kwanoni, wani dattijo na goge takalman mutanen da bai taɓa gani ba. Wannan aiki sewa suke kiransa, kuma ibada ce gare su. Baƙon da ya naɗe hannun riga ya zauna wurin yankan albasa, ba mai hana shi. Hannu da yawa, in ji masu iya magana, maganin ƙazamar miya.

Sai wanda ya san Indiya zai gane nauyin wannan zama. A tsohon tsarin ƙasar, haihuwa ke raba mutane hawa-hawa, kuma wurin cin abinci ne rabon ya fi tsanani: na sama ba ya cin girkin na ƙasa, ba ya shan ruwa da moɗarsa, ba ya zama sahu ɗaya da shi. Guru Nanak ya fara ciyarwar nan a garin Kartarpur. Jagora na uku, Guru Amar Das, ya mai da ita doka: duk mai son ganinsa, sai ya fara zama cikin sahu ya ci. An ce har sarki Akbar, da ya ziyarce shi, ƙasa ya zauna tare da talakawa. Gaskiya ne bambancin bai mutu ba har yau. Bisa ƙidayar 2011, kusan kashi 32 cikin 100 na mutanen Panjab ƴan ajin ƙasa ne, abin da ya fi na kowace jiha a Indiya, kuma akwai ƙauyuka inda kowane aji ke da nasa ɗakin ibada. Shi ya sa sahun Amritsar bai zama tsohon labari ba. Kullum safiya ana sake shimfiɗa shi, don darasin bai gama shiga ba.

Raunukan birnin

Wanda ya ga annashuwar wurin zai zaci birnin bai san wahala ba. Ya sani ƙwarai. A 1762 sarkin Afganistan Ahmad Shah Abdali ya tarwatsa ɗakin ibadar da albarushi, Sikawa suka sake gina shi. Tafiyar minti biyar a ƙasa daga tafkin akwai wani fili mai katanga, Jaliyanwala Bag. Ran 13 ga watan Afrilu 1919, janar Dyer na sojan Ingila ya tare ƴar siririyar ƙofar filin, ya sa aka buɗe wuta bisa taron jama'a marasa makami, har tsawon minti goma. Harsashi kamar 1650 aka harba. Turawa sun ce mutum 379 suka mutu, Indiyawa suka ce abin ya kai dubu. Har yanzu gurbin harsasai na nan jikin bango, ga kuma rijiyar da mutane suka riƙa faɗawa don gudun wuta.

A 1947, da aka raba ƙasar aka fid da Pakistan, iyaka ta ratsa tsakiyar Panjab. Amritsar ya faɗo wannan gefe, Lahor, da ke kilomita 50 kacal, ya faɗa wancan. Musulmi, waɗanda su ne kusan rabin mutanen birnin, suka yi ƙaura, ƴan gudun hijira Sikawa da Hindu suka maye gurbinsu, bayan kashe-kashen da ba su ƙirguwa. Gidan tarihin rabuwar, wanda aka buɗe a 2017 cikin tsohon ginin hukumar gari, ya tara akwatuna, da makullan gidajen da ba a koma ba, da muryoyin waɗanda suka tsira. Sannan a watan Yuni 1984 sojan Indiya suka afka ma ƴan bindigar da suka ja daga cikin harabar ɗakin ibadar. Ɗaruruwan mutane suka mutu, Akal Takht ya lalace. Ran 31 ga watan Oktoba na shekarar, dogarai biyu Sikawa suka harbe shugabar gwamnati Indira Gandhi, aka kashe dubban Sikawa a Delhi don ramuwa. Bayan kowace masifa, gyara aka yi, aka mai da tukunya bisa wuta.

Mai son ganin iyakar da idonsa sai ya ɗauki takisi da la'asar zuwa Atari, kilomita kamar 30. Tun 1959 sojojin ƙasashen biyu ke bikin sauke tuta can kowace yamma, suna ɗaga ƙafa har kusan goshi, suna zare ma juna ido, jama'a na kuwwa kamar filin kokowa. A watan Mayu 2025, lokacin da ƙasashen suka yi musayar wuta, an dakatar da bikin ƴan kwanaki kamin a koma.

Abincin cikin gari

Bayan langar, lungunan tsohon gari na da nasu rabo. Karin kumallon Amritsar shi ne kulca, gurasa ce da ake cusa ma dankali da albasa da kayan yaji, a liƙa ta jikin tandur, wato tanderu, ta gasu har ta yi ƙamas. Mai gashi ya murƙushe ta da hannu, ya aza mata curin man shanu, a ci da miyar wani babban wake da ruwan tsamiya. Sai lasi, kindirmo ne da ake kaɗawa da sukari, a zuba cikin doguwar moɗa, maƙil da kirim a sama. Moɗa guda ta isa abincin rana. Gidan abinci na Kesar da Dhaba, wanda aka kafa a 1916 a Shekhupura, cikin Pakistan ta yau, ya ƙauro nan bayan rabuwa, kuma ya yi suna da baƙin dal da ke kwana bisa wuta. Lokacin sanyi ana cin gurasar masara da miyar wani ganye, sarson, da soyayyen kifin da aka tsoma cikin ƙullun wake. Mai son zaƙi ga jalebi, mai kama da alkaki, ana tsamo shi daga mai ana tsoma shi cikin ruwan sukari.

Matafiyi musulmi ya lura da abu guda. Sikawan da ke cin nama da sara guda suke kashe dabba, dokar addininsu ma ta hana su cin yankan musulmi. Don haka ya tambaya kamin ya sayi nama, ko ya tsaya ga kifi da abincin da ba nama, wanda shi ya fi yawa, kuma shi kaɗai ake saidawa kewayen ɗakin ibadar. Wurin salla akwai masallacin Khairuddin, ginin 1876, cikin kasuwar Hall Bazar. Lokacin zuwa mafi daɗi daga watan Oktoba ne zuwa Maris. A Mayu da Yuni zafi na wuce digiri 40, a Disamba da Janairu kuwa sanyi da hazo na makarar da jiragen ƙasa.

Kwana biyu sun isa a ga duk waɗannan wurare. Wanda ke da na uku, ya koma langar da sassafe, ya wuce zauren cin abinci, ya nemi inda ake wanke tasoshi, ya tsaya cikin layin masu wanki ko da awa guda. Tasar da zai ɗauraye, bai san wanda ya ci a ciki ba, bai kuma san wanda zai ci ba.