Tallar Littafi Ita Ce Shafinsa Na Farko

A da, marubuci yakan miƙa rubutunsa ga kamfanin ɗab'i, edita ya tace, dillalai su kai kasuwa. Yau matashin Zango da ya rubuta littafi da Turanci, a Nima yake ko Kumasi ko Tamale, shi ne marubucin, shi ne editan, shi ne kuma mai talla a Facebook da WhatsApp. Abin da mai karatu ke fara gani shi ne 'yan layukan tallar nan. Idan ya ci karo da kuskure uku a layi biyar, ya yanke wa littafin hukunci tun bai buɗe shi ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Yawancin kurakuranmu suna da asali, domin Hausa ce ke motsi a ƙarƙashin Turancin. Da kalma ɗaya muke cewa "na ari littafi" da "ara mini littafi", alhali Turanci ya raba su biyu: borrow na mai karɓa, lend na mai bayarwa. Daga nan "borrow me" ta samo tushe. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin zafi, amma Bature yana da hear da smell da feel. Muna shan magani, shi kuwa take yake cewa. Bahaushe kan tashi ya ce "ina zuwa" alhali fita zai yi. Idan aka juya ta kai tsaye, baƙo sai ya zaci isowa ake nufi.

A nahawu ma haka abin yake. Hausa tana ɗora lokaci a kan wakilin suna: ya karanta, zai karanta, yakan karanta, aikatau bai motsa ba. Turanci kuwa a wutsiyar aikatau yake saka alamar, shi ya sa muke yawan mance -s da -ed. Muna da shawara da shawarwari, sai mu liƙa wa advice harafin jam'i, alhali ita da information da furniture ba sa karɓarsa.

Shin sai mu kankare duk wani ƙamshin Hausa daga Turancinmu? Sam. A 1965 Chinua Achebe ya yi rubutu yana kare ra'ayin cewa marubucin Afirka na da ikon lanƙwasa Turanci har ya ɗauki nauyin rayuwar mutanensa, kuma ya riga ya nuna hakan a aikace cikin Things Fall Apart tun 1958. Sai dai Achebe ya san ƙa'ida sarai kafin ya lanƙwasa ta. Amos Tutuola kuwa, da littafinsa The Palm-Wine Drinkard ya fito a Landan a 1952, Turawa sun yaba, amma 'yan boko da dama a Najeriya sun ji kunya, don a ganinsu kurakurai aka baje a kasuwa. A nan gida muna da Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi, wanda The Prophet of Zongo Street nasa ya fito a 2005, ya kai unguwanninmu gaban masu karatu na duniya cikin gogaggen Turanci.

Ma'aunin dai shi ne niyya. Idan mai sayar da koko a cikin labarinka ta ce "borrow me", muryarta ce, kuma adabi ne. Idan kai marubuci ka faɗi haka a tallarka, mai karatu ba shi da hanyar sanin ko da gangan ka yi, don haka rashin sani zai ɗauka.

Manhajojin gyaran nahawu suna taimakawa wajen haruffa, amma ba su san Zango ba. Za su gyara kuskurenka, su haɗa har da maganar mai kokon da ka saka da gangan. Saboda haka, ya ɗan'uwa marubuci, kada ka saki talla ranar da ka rubuta ta. Bar ta ta kwana, ka karanta ta da babbar murya, sannan ka nuna wa malamin Turanci ko abokin da ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya. Ka tsaya kan rubutun Ingila da aka koya mana a makaranta, kada ka gauraya colour da color a shafi ɗaya. Ka guji manyan kalmomin da ka tsinto a ƙamus jiya, zanen aro ba ya rufe katara. Faɗi abin da littafin ya ƙunsa, kuɗinsa, da inda za a same shi.

An daɗe ana ba da labarin Zango da bakin waɗanda ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Yanzu da alƙalami ya zo hannunmu, asara ce babba a ture labarinmu gefe saboda layi biyar da ba mu tsaya mun duba ba. Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.