Tarin Wayoyi Ba Ya Hawa da Mota Tudun Etoudi

A garejojin da ke kewaye da Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, akwai wata fatawa da ta zauna daram a bakin direbobin taksi da masu wayarin mota. Wai in mota ta daina ja, ka taka totur ta yi jim kafin ta amsa, to matsalar mas ce, wato layin da ke mayar da wuta zuwa kan batir mai alamar ragi. Maganin kuma, in ji su, a ƙara wayoyi. Da yawa sun yarda har ransu cewa kowace sabuwar waya tana ƙara wa injin ƙarfi.

Wannan fatawa tana cin kuɗin mutane, kuma mafi yawanta ba gaskiya ba ce.

A ɗaga bonet ɗin taksin da aka yi wa wannan aiki a gani. Daga kan batir wayoyi huɗu ko biyar sun fita, ja da shuɗi da kore, ɗaya ta nufi kan injin, ɗaya altaneta, ɗaya bodi, an naɗe bakin kowace da baƙin salatif. A can ƙasa kuwa, inda hannu ba ya kaiwa sai an kwanta, asalin igiyar mas da kamfani ya sa tana nan yadda take: saƙaƙƙen jan ƙarfe da ya yi kore, rabin zarensa ya tsinke, notinsa ya ci tsatsa da baƙin mai. Babu wanda ya taɓa ta, domin ba ta a inda mai mota zai gani ya yaba.

Masu wannan ra'ayi suna da ɗan abin kamawa, kuma ya kamata a ba su shi. Wutar mota zagaye take yi. Tana fita daga batir ta waya, ta dawo ta jikin injin da bodi. Shi kuwa injin a kan robobi yake zaune, don haka sai da igiyar da za ta haɗa shi da bodi da batir. In igiyar nan ta ruɓe, abubuwa suna rikicewa. Kik yana jan amfiya sama da 100 a lokacin tayar da mota, shi ya sa yake fara yin nauyi. Na'urar da ke auna iskar salansa a motocin shekarun 1990 tana magana da kwamfutar mota da wutar da ba ta kai volt ɗaya ba, tsakanin 0.1 da 0.9. Ɓatan volt 0.2 a hanyar dawowa ya isa ya sa kwamfutar ta karanta ƙarya, ta ba injin mai fiye ko ƙasa da yadda ya dace. Irin wannan motar tabbas za ta yi kasala.

Kuma Yawunde gari ne da ke ciyar da tsatsa. Yawancin taksin nan masu launin rawaya, su Starlet da Corolla da Carina E, tsoffin motocin Turai ne da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala bayan sun sha gishirin da ake watsawa a titunan can lokacin ƙanƙara. Carina E tun 1997 aka daina ƙera ta. Daga nan suka faɗa garin da ke ganin damina biyu a shekara, ga masu wankin mota da ke feshin ruwa har cikin injin. In an sauke injin aka mayar, wani lokaci yaron gareji ya manta da igiyar, ko ya ɗaure ta a kan sabon fenti, shi kuwa fenti wuta ba ta ratsa shi.

To amma gyaran abin da ya ruɓe daban, ƙarin ƙarfi daban. Bututun da ya toshe in an fasa shi ruwa zai dawo yadda yake, amma jera bututu biyar a gefensa ba zai ƙara ko guga ɗaya a rijiyar ba. Ƙarfin injin daga iska da fetur yake fitowa, wuta kunna su kawai take yi. Motar da igiyarta ke da lafiya, ko an lulluɓe ta da jan ƙarfe, ba za ta ƙara komai ba. Yawancin na'urorin auna abubuwa ma suna da nasu layin dawowa da ke tafiya kai tsaye zuwa kwamfutar, ba ruwansu da wayar da aka liƙa a kan injin.

Abin haushin shi ne, gane ko mas ce ko ba ita ba aikin minti biyu ne. A ɗauko mita, a sa tsinke ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗaya a jikin injin inda babu fenti, wani ya murza makulli. In mitar ta nuna kimanin volt 0.2 ko ƙasa da haka, igiyar lafiyarta ƙalau, a nemi cutar a wani wuri. In ta haura rabin volt, an kama ɓarawo: a kwance noti, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a sa igiya ɗaya mai kauri, a ɗaure tam, a shafa giris a kai. Mai wayarin da ya ce mas ce alhali bai ɗauko mita ba, canki-canka yake yi da aljihun wani.

Akwai kuma lissafin da ba a son ji a tasha. Yawunde tana kan tudu, kimanin mita 750 sama da teku. Iskar nan ta fi ta Duwala sirantaka, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na ƙarfinsa saboda wannan kaɗai. Starlet mai injin lita 1.3 nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ƙarfinta kuma doki 75 ne ranar da take sabuwa. A zuba mata mutum shida har da direba, biyu a matse a kujerar gaba, an ɗora mata kusan rabin nauyinta ke nan. Sannan a ce ta taso daga Briqueterie, ta bi ta Bastos da Nlongkak ta haura Etoudi ranar cin kasuwar shanu, tana tsayawa tana tashi kowane ɗan taƙi. Wace waya ce za ta ɗauke mata wannan?

Bayan haka ga masu laifin da aka saba: matatar iska da jar ƙurar rani ta toshe, matatar mai da ba a san ranar da aka canja ta ba, filogin da bakinsa ya cinye, kulocin da ke sulɓi, famfon mai da ya gaji, salansar da cikinta ya narke ya toshe hanyar hayaƙi, da fetur ɗin gefen titi da ba a san me aka gauraya masa ba. Kowanne a cikinsu ya fi igiyar mas yawan jawo kasala.

Direba zai rantse cewa tun da aka sa masa wayoyin motarsa ta canja. Ba lalle ƙarya yake yi ba. Kafin a ɗaura su sai an cire kan batir, an kankare farin garin da ya taru a kai, an ƙara ɗaure shi, wannan kuwa gyara ne na gaske da ba ya bukatar sabuwar waya ko ɗaya. Cire batir yana kuma goge abin da kwamfutar ta saba da shi, motar ta ɗan sauya hali na 'yan kwanaki. Sauran kuwa, wanda ya biya kuɗi kunnensa yakan ji abin da yake so ya ji.

Da ma abin ya tsaya a asarar kuɗi da sauƙi. Ranar da asalin igiyar ta ƙarasa tsinkewa, duk wutar kik za ta bi ta siraran wayoyin nan, su yi zafi, robarsu ta narke a kusa da layin fetur. Wasu wayoyin kasuwa ma alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Sababbin motoci kuma da yawa suna da na'urar auna wuta a kan batir ɗin, duk wayar da ta tsallake ta tana rikita cajin.

A Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840 a Kamaru, bayan tana 630 a farkon 2023. Direban da ke tara kuɗin balas da na cefane daga fasinja ɗaya-ɗaya ba shi da rarar da zai kashe a kan kwalliyar cikin bonet. Duk wanda aka ce masa mas ce, ya ce a nuna masa lambar a kan mita kafin ya sa hannu a aljihu. Masu garejin Briqueterie da Etoudi kuma su sayi mitar, su koya wa yaransu karanta ta.