Wa Zai Yi Wa Baturiya Magana?

Ya 'yan'uwa, har yau akwai masu cewa ɗalibin addini da ya tafi digiri na biyu kan raya ƙasa da tsara manufofin hukuma ya bi duniya. Muna tambayarsu: sun taɓa zuwa Baturiya kuwa?

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan da ke shayar da fadamun Haɗeja ya daina bin lokacinsa. Kachala ta toshe magudanai, ta zama maɓoyar jan-baki. Manomi da masunci da makiyayi kowa na kuka. A 2008 aka sa Baturiya cikin yarjejeniyar Ramsar, amma suna ba ya tuge kachala.

Alhali fiƙihunmu ya daɗe da hukunta cewa na sama ya shayar da gonarsa, sa'an nan ya saki wa na ƙasa. To, wa zai kai wannan hukunci inda ake yanke ranar buɗe madatsa, in babu namu da ya san lissafin ruwa da dokar ƙasa? Wannan karatu faralu kifaya ne. Attajiran Haɗeja su ɗauki nauyin ɗalibi ko biyu bana, da sharaɗin su dawo fadama, kada Abuja ta riƙe su.